Buhun Wake da Jiran Wata Uku

Akwai abin da mutum yake mantawa ko bai so ba, akwai kuma wanda ko ya roƙi Allah ya mantar da shi ba ya tafiya. Nawa irin na biyun ne. Yau kusan shekara goma ke nan, furfura ta fara leƙowa a gemuna, amma har gobe idan na tuna daminar da aka haifa mana 'yarmu ta fari, sai dariya da kunya su taso mini tare, in rasa wadda zan fara yi. Wannan abu ba zai bar kaina ba sai ranar da aka ɗauke ni a makara.

Ni ma'auni ne. Gero, dawa da wake nake aunawa a kasuwar Maraɗi tun ina saurayi, gidana kuma yana Sabon Gari. A lokacin shekarata biyu da aure. Matata 'yar Tsibiri ce, da cikinta ya tsufa sai iyayenta suka ɗauke ta goyon ciki kamar yadda aka saba a haihuwar fari. Ta haihu can, ta zauna wankan jego. Aka bar ni ni kaɗai a gida, ina cin abincin kasuwa, ina wanke rigata da kaina.

Cikin masu sayen wake a wurina akwai wata bazawara mai tuyar ƙosai. Wata rana, wajen mako biyu da haihuwar, ta sayi buhu guda, ta ce ba ta sami mai amalanke ba, in taimaka in kai mata a moto, wato babur ɗina. Da rana tsaka ne, bayan azahar. Ba zan tsawaita ba, kuma ba zan ɗora wa Shaiɗan laifin duka ba, don ba shi ya ɗaure buhun a bayan moto ba. Na shiga gidan, aka ba ni ruwa, hira ta yi tsawo, abin da bai kamata ya faru ba ya faru, ba kuma tare da wata kariya ba. Sau ɗaya ne tak a rayuwata. Na fito ina istigfari har na wuce kwanar gidana ban sani ba.

Kwana huɗu ina fama da zuciyata, amma zunubi kawai nake tunani, cuta ko a raina. A rana ta huɗu da la'asar muna fada, inda muke shan shayi da abokai, sai hira ta gangaro kan masu ƙosai, wace ce ta fi iya tuya. Wani abokinmu mai gyaran rediyo, wanda bakinsa ba ya rufuwa, ya ambaci wannan bazawarar, ya rage murya ya ce, "Ku dai ku ci ƙosai ku yi shiru. Tsohon mijinta hwa an ce duk wata shina zuwa likita amsar maganin sida, ƙanjamau ɗin nan."

Shayi na uku ne a hannuna, mai zaƙin nan. Ban san lokacin da ya bi ta hancina ba. Aka yi ta bubbuga mini baya ana cewa sannu. Har yau ban san ko maganar gaskiya ce ba, kuma ko da gaskiya ce, ba ta nuna matar tana ɗauke da komai ba. Baiwar Allah ba ta ja ni da igiya ba, ban kuma taɓa ganin laifinta ya fi nawa ba. Amma a ranar ba wannan hankalin nake da shi ba, tsoro kawai nake da shi.

Washegari na yanke shawarar a gwada jinina, amma ba a Maraɗi ba, inda kowa ya san fuskata. Na zaɓi Jiratawa, wani gari da ke kusa da mu. Dabarar da na yi ita ce na ari rawani wajen wani Buzu mai gadin kasuwa, na naɗe fuska, na ƙara da baƙin tabarau. Abin da na manta shi ne shekara da shekaru ina sayen wake a Jiratawa, kuma motona ja ne, tankinsa a lotse, ko akuyar garin ta san kukansa. Tun kafin in kashe shi a ƙofar gidan likita wani manomi ya ɗago hannu daga nesa ya ce, "Ma'auni! Yau kuma Agadas anka nuhwa? Nawa tiyar wake ta kwana?" Na ce masa haƙori ke damuna, na shige.

Majo, wato babban ma'aikacin jinyar wurin, dattijo ne siriri, tabarau a ƙarshen hanci, ba ya gaggawar magana. Ya huda mini yatsa, ya ɗiga jinin a kan wani ɗan tsinken gwaji, ya ce in jira. Wannan kwata na awa ɗaya ya fi mini azumin bazara tsawo. Da ya duba ya ce, "Negatif, ba a ga komi ba," sai na faɗi na yi sujada a kan siminti, rawanin aro ya warware ya bi ƙasa.

"Tashi, tashi, ba mu gama ba," in ji shi. "Yaushe abin ya hwaru?"

"Wane abu, majo?"

"Abin da ya sa ka naɗa rawani cikin damina."

Na sunkuyar da kai na ce, "Yau kwana biyat."

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "To, takardag ga ba ta ce komi ba bisa kwana biyat ɗinka. Abin da ta hwaɗi shi ne, kahin wannan kana lahiya. In ka shibka gero shekaranjiya, yau ka tahi gona ba ka ga komi ba, sai ka ce bai hita ba?"

Ya yi mini bayani a hankali. Irin wannan gwajin ba ƙwayar cutar yake gani kai tsaye ba, alamar da jiki ke yi idan ya fara faɗa da ita yake nema, ita kuwa sai ta ɗauki makonni kafin ta bayyana. Ya ce in komo bayan mako shida, sannan in sake komowa idan wata uku ya cika, wannan na ƙarshen shi ne mai yanke magana. Ya ce ba kowace saduwa ce ke kai cutar ba ko da ɗayan yana da ita, kuma wanda ke shan maganinsa yadda ya kamata har ƙwayar ta kwanta ba ya ba wani. Amma babu mai iya rantse mini a yau.

Sai ya ƙara da wadda ta fi ƙona ni. "Da ka zo cikin kwana ukku na hwarko, akwai maganin da za mu ba ka, ka sha kwana ashirin da takwas, shi tare ta tun ba ta zauna ba. Ina kake duk kwanakin nan?"

"Ina istigfari, majo."

"Madalla. Amma ai ana yinshi bisa moto."

Ya tambaye ni ko ina da iyali. Da na ce tana wanka a Tsibiri, sai wasan ya bar fuskarsa. "Tana ba da nono ke nan. To, saurara da kyau. In har ka ɗauka, a kwanakin hwarkon nan ne cutar ta hi saurin wucewa ga wani. In ta wuce ga matakka tana shayarwa, tana iya kaiwa ga jinjira. Kada ka kusance ta sai da kwaroron roba, ko ka haƙura har wata ukku shi cika. Kuma da za ka ji tawa, ka hwaɗa mata." Na kwashe duk shawarwarinsa na tafi da su, sai ta ƙarshen ce na bar masa a kan tebur.

A hanyar komawa kan ma'auni ya fara aiki. A sana'armu, idan ana shakkar awo, ba a jayayya, sai a ɗauko wata tiya a sake. Idan tiya uku suka yi daidai, magana ta ƙare ko a gaban alƙali. Na ce wa kaina, wata uku na mene ne? Washegari na shiga wani gidan likita mai zaman kansa a unguwar Zariya, nan cikin Maraɗi, na ce musu aure zan ƙara, suka gwada, negatif. Bayan kwana biyu na je Tsibiri ganin jaririya, kafin in isa gidan surukai na ratse na yi na uku, shi ma negatif. Na fito ina murmushi ina danna auduga a yatsa, sai na yi kiciɓis da kakar matata a kan benci, ta zo awon hawan jini.

Wannan tsohuwa tun ranar ɗaurin aurenmu take kirana angonta, tana cewa ita na fara so kafin jikarta ta ƙwace ni. Idonta ɗaya ya yi yana, amma ɗayan yana ganin abin da ke bayan bango.

"Ango, mi ya kawo ka ɗakin ɗibar jini?"

"Zazzaɓi ne, Kaka."

"Zazzaɓi kana washe baki haka? To, Allah shi sawwaƙe." Ta bi ni da wannan ido ɗaya har na hau moto.

Na koma wa majo da takardu uku, na jera masa su a tebur ina jiran ya ba ni haƙuri. Ya dube su, ya dube ni, ya yi dariya har da tari. "Ma'auni, tiya ba ta da laihi. Lokaci ne bai yi ba. Ko gidan likita goma ka zaga, kwanakin ba su ƙaruwa. Ka ɓata yatsunka banza."

Daga nan na shiga wani hali da ban fatan ko maƙiyina ya shiga. Sauro ya cije ni, in tsaya ina nazarin ƙurjin. In yi atishawa, in ce ta fara. Kullum da sassafe kafin mutane su cika kasuwa sai in hau sikelin da muke auna buhuna, kuma kullum sai in ga na ragu, ban yi tunanin cewa mutumin da ya daina cin abinci dole ya ragu ba. A mako na uku zazzaɓi ya kwantar da ni da gaske. Da na ɗan miƙe sai na bi masu sayayya ɗaya bayan ɗaya ina neman gafara, musamman waɗanda na taɓa sa wa babban yatsa a cikin tiya. Wata tsohuwa ta ce, "Na yahe, ɗana, amma ka cika mini ta yau." Majo ya gwada ya ce zazzaɓin cizon sauro ne, irin wanda rabin gari ke yi da damina. Ya ce ba a gane wannan cuta da ido ko da zafin jiki, wani zai ɗauka bai ji komai ba, wani zai ji komai bai ɗauki komai ba.

Ana cikin haka kwana arba'in na matata ya cika. Na je Tsibiri na durƙusa nesa da surukata, idona a ƙasa, na ce ina roƙon a ƙara wa mai jego wata biyu ta ƙara ƙwari. Matar nan ta hau yabona. "Allah shi yi maka albarka, ɗana. Yaran zamani arba'in ɗin ma ba su bari ta cika." Na karɓi albarkar da ban cancanta ba, ina jin ta kamar garwashi a aljihu. Amma mako biyu kawai aka ƙara, don aikin gona ya taso, kowa na gidan yana bakin noma.

Ranar da aka dawo da ita ba zan manta ba. Mota cike da mata, da gara, da guɗa. Matata ta sha lalle hannu da ƙafa, ta yi kitso, ta yi ƙiba irin ta masu jego, ɗakin ya cika da turaren wuta har maƙwabta suna shaƙa. Ban taɓa ganin ta yi kyau kamar ranar ba. Ni kuwa da mata suka watse sai na ɗauki tabarmata na nufi zaure, na ce bayana ke ciwo, mai ɗori ya ce in riƙa kwanciya a ƙasa mai tauri.

Wani zai ce me ya hana ni amfani da abin da majo ya faɗa. Na saya, yana cikin buhun dussa a rumfata. Amma mutumin da shekara biyu bai taɓa shigo da wannan abu ɗakinsa ba, ranar da ya fito da shi tambaya za ta biyo, ni kuwa tambayar nake gudu. Sai na zama waliyyin dole. Na kama azumin Litinin da Alhamis, na ƙara da na tsakiyar wata. Na zama na farko a masallaci, na ƙarshen fita, har liman ya fara ba ni ladanci idan mai yi bai zo ba. Gwajin mako shida ya zo negatif, majo ya ce alama ce mai kyau ƙwarai, amma in cika sauran. Ya ce, "Ka hwaɗa mata?" Na ce ina shiri.

Magana ba ta kwana a cikin dangi. Wata safiya sai ga Kaka ta sauka daga kabu-kabu, rungume da jarka mai cin lita biyar, cike da wani ruwa baƙi ƙirin. Ta zauna a zaure a kan tabarmata, ta kore jikarta ciki.

"Ango, tun ranar da na gane ka ɗakin ɗibar jini na san akwai magana. Ba abin kunya ba ne. Kakan matakka ma ya yi shi shekarar da anka yi hwari. Basir ne ya sauka maka a mara, ya kashe maka gaba."

"Kaka, wallahi lahiyata lau."

"Lahiya lau, amarya na ɗaki kana kwana da awaki? Kama ka sha."

Me zan ce? Na sha kofi guda a gabanta. Ɗacinsa har yau yana bayan harshena. Ta ce safe da yamma, kuma za ta riƙa zuwa tana duba jarkar. Maganin nan ya buɗe mini ciki kwana uku, ban iya nisa da ban-ɗaki. Ni kuma na taɓa jin cewa gudawa tana cikin alamun cutar da nake tsoro. Na hau moto da ƙyar, na tsaya sau biyu a gonakin mutane kafin Jiratawa. Majo ya saurare ni, ya ce, "Mi ka sha?" Da na ba shi labarin jarka, sai ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa suna rawa. Ya ba ni gishirin gudawa ya ce in zubar da abin Kaka. Na riƙa zubarwa kofi biyu kullum a gindin wata 'yar bishiyar zogale da ke tsakar gida, cikin mako guda ta bushe.

Kaka ba ta riƙe sirri ba, don a ganinta neman taimako take yi mini. Labari ya iso kasuwa. Masu maganin gargajiya suka fara tsayawa daidai rumfata suna ɗaga murya. Mahauci ya riƙa ajiye mini wasu sassan rago da ban tambaya ba. Abokina mai gyaran rediyo ya ja ni gefe ya ce yana da wani malami a ƙauye da ke kwance ɗauri. Duk na haɗiye. A lissafina, gara a ce ba na iyawa da a san abin da na iya. Har ina yaba wa kaina cewa ina kare matata da 'yata, ina ɗaukar kunya dominsu.

Ran nan da azahar na dawo gida ɗaukar wata tiya da na manta. Na shigo zaure ba su ji ni ba. Kaka ta zo duba jarka, suna tsakar gida da matata, sai na ji matata tana cewa cikin kuka, "Kaka, ki bar ba shi magani, lahiyarshi lau. Ni ce. Tun da na haihu jikina ya ɓaci, cikina ya saki, ko kallona bai son yi. Ki bar tona mai asiri cikin mutane, laihina ne."

Na leƙa ta labulen zaure. Sai a ranar na dube ta da kyau bayan mako biyar. Ƙibar jegon ta zube, wuyanta ya fito. Ta ɗaure cikinta tamau da ɗankwali a ƙarƙashin zane. Ashe ta rage cin abinci don ta koma yadda take a da, nonon ma ya ragu, shi ya sa jaririya ke yawan kuka, ni ina zaure ina cewa rigima ce. Duk tsoron da na sha a baya bai kai abin da na ji a wannan tsayuwar ba. Na ji na tsani kaina, ba kuma wasa a ciki.

Na jira Kaka ta tafi. Matata tana wankin kayan jaririya a bakin rijiya, na zo na tsuguna a gabanta na faɗa mata komai, tun daga buhun wake har takardun da ke cikin aljihuna. Ban iya kallon fuskarta ba, hannuwanta nake kallo, sun tsaya cak a cikin kumfa.

 Da ta buɗe baki muryarta a kwance take, wannan ya fi ihu ban tsoro.

"Maigida, abin da ka yi da matar nan, akwai ranar da za mu yi maganatai, ba yau ba. Da ka nisance ni saboda ni da ɗiyag ga, wannan ka yi daidai, na gode. Amma mako biyat kana kallona ina ƙin jikina, ina hana kaina abinci, kana da amsa cikin aljihu?"

Ta tsame hannu daga kumfa, ta sake tambayata.

"Saura kwana nawa?"

"Sha shidda."

"Tare za mu tahi."

Ta kwance ɗankwalin daga cikinta ta jefa cikin ruwan wanki, ta shiga ɗaki ta ɗauko ragowar tuwo ta zauna ta cinye tas, ba ta ce in sa hannu ba. Kwana goma sha shidan nan ba ta yi mini magana ba sai ta dole. Abinci tana ajiye mini a bakin zaure.

Ranar da wata uku ya cika muka tafi Jiratawa, ita a bayan moto da goyo, ko rigata ba ta riƙe ba. Ban naɗa rawani ba. Majo ya gan mu tare, ya gyaɗa kai. Matata ta ce ita ma a gwada ta, kuma ta yi masa tambayoyin da ni ban taɓa tunanin yi ba: in an samu me za a yi, nonon fa, mutum yana rayuwa da ita? Ya ce mata yana rayuwa, ya tsufa, ya haifi 'ya'ya lafiyayyu, muddin ya riƙe magani. Na lura shi ma ya fi sakin jiki da ita fiye da ni. Aka huda mu, muka jira. Ni idona na kan tsinken gwajin, ita kuwa tana ba jaririya nono tana kallon bango.

"Ku duka biyu negatif," in ji majo. "Ma'auni, wannan karon ka iya yin sujadarka."

Na yi, na daɗe ban ɗago ba, kuma na yi kuka kamar yaro. Kaka dai har ta koma ga Allah tana gaya wa mutane jarkarta ce ta tashe ni, ban kuma taɓa gyara mata ba.

Da muka fito na miƙa wa matata takardar ina dariya, ina jiran ita ma ta yi. Ta karɓa, ta ninke, ta sa a bakin zane. Ta ce, "Na gode ma Allah saboda ɗiyata. Kai an yi maka gwaji, hankalinka ya kwanta. Ni wane gwaji za a yi mini in san inda kake, gobe in ka yi latti daga kasuwa?" Na tayar da moto muka kama hanyar gida, kuma har yau ban samo mata amsa ba.

Ba ta tafi gidansu ba, ba ta kuma tona mini asiri ga kowa ba, wannan labarin ma da izininta nake ba da shi. Amma sai da 'yarmu ta fara tafiya kafin na sake jin dariyarta ta gaske a cikin gidan. Yanzu 'ya'yanmu huɗu, muna zaune lafiya. Duk da haka, idan na yi latti, akwai wani kallo guda da take yi mini a bakin ƙofa kafin ta ce sannu da zuwa. Na kuma san ni na sa shi a idonta.

Abin da na koya shi ne, wanda ya faɗa irin ramin da na faɗa, kada kunya ta zaunar da shi. Ya garzaya likita tun kwana uku ba su wuce ba, ya faɗi ranar da abin ya faru ba ƙari ba ragi, ya koma gwaji a lokacin da aka ce masa, don takardar da aka karɓa da wuri ba ta wanke kowa. Sannan ya buɗe baki ya gaya wa wadda ke kwana a ɗakinsa, komai nauyin maganar. Cutar da na ji wa tsoro wata uku Allah ya tsare mu da ita. Raunin da ya rage a gidana, ni na yi shi da ƙafata, na kuma zurfafa shi da shiruna.